Mita Goma Sha Biyu a Gefen Gabas

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga hannun yayanka, da fatan takardar nan za ta iske ka garau, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka daga sharrin baƙon wuri, ya sa aikin da ya kai ka can ya zama alheri gare mu baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Inna tana nan da ƙarfinta, in ka cire gwiwar nan ta hagu da takan yi mata gardama da safe. Maganin shafawar da ka aiko ya iso, ta ce a gode maka, sai dai rabinsa ya ƙare a gwiwoyin maƙwabta, ka san halinta. Antinka, mai ɗakina, lafiya ƙalau, bakinta ma lafiya ƙalau, za ka ji dalilin da ya sa na faɗi haka. Babbar 'yarka ta wajena ta gama jarrabawar aikin jinya, yanzu ko tari na yi sai ta zo da abin awon jini. Injin bulo kuwa bai taɓa hutawa ba, motocin yashi har layi suke yi a bakin fili.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali ga waya a aljihu. Dalili shi ne akwai maganar da zan gaya maka, kuma in a waya ce zan ji dariyarka, takarda kuwa ba ta dariya. Sannan na ga gara ka ji daga bakina kafin antinka ta gaya wa matarka, don in ya bi ta wannan hanyar ba zan gane kaina a cikin labarin ba. Ka zauna, ka karanta har ƙarshe, in za ka yi dariya ka yi ta inda yara ba za su gani ba.

Ka tuna yarjejeniyar da na ƙulla da ƙaramar hukuma shekara uku da suka wuce, a kan tsohon filin nan da suke jibge matattun motoci? Ni zan gina gidaje goma sha biyu a jere, huɗu su zama na ma'aikatansu, takwas nawa. Ka kuma tuna lokacin ka ce in turo maka takardar ka duba, na ce maka wanda ya gina makaranta biyu da asibiti ɗaya ba ya buƙatar a yi masa karatun shafi goma sha tara. Har na ƙara da cewa aji uku na sakandare na zamaninmu ya fi digirin yanzu. To, har gobe ina kan bakana game da aji ukun. Sai dai akwai layi ɗaya a shafi na sha ɗaya da muka sami saɓani da shi.

Ga abin da layin ya ce, na haddace shi yanzu kamar sunana: mai gini zai bar mita goma sha biyu a gefen gabas domin amfanin jama'a. Auta, ka yi mini adalci. Gida goma sha biyu zan gina. An ce mita goma sha biyu. Kowane gida da mitarsa, me ya fi wannan fitowa fili? Har yaba musu na yi a raina, na ce yau ga hukuma mai tunani, ba ta son a haɗa mutane a mita ɗaya a yi ta rigima a kan wa ya kunna dutsen guga. Shekara talatin da ɗaya ina sana'ar nan, ban taɓa sayen fili da mita ba, ban taɓa sayar da bulo da mita ba. Fili ƙafa ne, bulo inci ne. Mita kuwa iri biyu na sani: wadda ake kafewa a bango tana juyawa, da wadda antinka take yi mini in na dawo da takalmi da laka. Akwai zane a bayan takardar, kuma gaskiya an ja wasu layuka a karkace ta gefen gabas. Na duba na ce ai nan ne wurin jera su.

Ranar kafa turaku ni da kaina na riƙe tef. Na fara daga dutsen iyaka na gabas, ƙafa arba'in, turke, ƙafa arba'in, turke, har goma sha biyu. Da na kai ƙarshe ta yamma sai na ga saura fili ƙafa arba'in cif yana kallona. Na sake awo, haka. Na ce to, ko dai mai zanen hukuma bai iya lissafi ba, ko kuwa hannuna ne ke da albarka, na kuma fi yarda da na biyun. Antinka ta ce fili ba ya haihuwa, in je in tambaya. Na ce mata ta tsaya a kan abin da ta sani. A wannan ragowar filin na gina ofishina, wanda na turo maka hotonsa sau uku ba ka ce komai ba: bene hawa ɗaya, baranda mai kallon gidajen duka, kujera mai juyawa, sunana da ruwan zinariya a cikin tayil, da zakuna biyu na siminti a bakin ƙofa. 'Yan hassada sun ce sun fi kama da kyanwa mai mura, amma zakuna ne.

Mitocin kuwa ban yi musu ƙwauro ba. Na yi ta safa da marwa a kamfanin wuta har suka ba ni sabbi goma sha biyu, na jera su a katangar gabas kamar sojoji, na yi musu 'yar rumfar kwano, na shafa koren fenti, na rubuta wa kowace lambarta. Ana cikin gini wani mai duba aiki ya zo daga hukuma, bai ko sauko daga mota ba, ya sauke gilashi ya tambaye ni ko na bar mita goma sha biyun. Na ce masa suna hanya, ranar Talata za su iso. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce ni mutum ne mai ban dariya, ya sa hannu ya tafi. Ni kuma na tsaya ina mamakin abin dariya a ranar Talata.

Gida na goma sha biyu, na ƙarshe ta gabas, shi na zaɓa wa Inna, saboda hantsi ya fi shigarsa kuma likita ya ce gwiwa tana son ɗumi. Na yi mata 'yar ƙofar baya don zubar da shara. Ashe kafin in zo, ta daidai nan mutanen tsohuwar unguwar da ke bayanmu suke ratsawa su fita babban titi, katangata ta toshe su, sai sun yi zagaye mai nisa ta bayan makaranta. Inna ba ta yi mako ɗaya a gidan ba ta buɗe ƙofar baya ta buɗe ta gaba. Auta, da ka ga tsakar gidan da na shimfiɗa wa tayil! 'Yan makaranta, masu keke, mata da kwanduna, har wani mai akuya. Kowa ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya wuce. Na sayo kwaɗo mai nauyi na kai mata, na ce mutuncin gida a ƙofa yake. Da na koma bayan kwana biyu na same shi a kan murfin tukunya, wai yana hana tururi fita.

A cikin mutanen bayan nan akwai wani tela, dogo siriri, kullum tef a wuya. Ya same ni a fili ya ce katangata ta ci hanyar jama'a. Na dube shi sama da ƙasa na ce wanda aikinsa auna tumbin mutane ne ba shi da ta cewa a awon ƙasa. Leburorina suka yi dariya, shi bai yi ba. Ka riƙe wannan telan a ranka, zai dawo.

Da aka yi sabbin kansiloli sai suka kafa kwamiti ya sake duba duk yarjejeniyoyin da na baya suka sa wa hannu. Takarda ta zo mini cewa in bayyana, kuma akwai ƙorafi daga mutanen baya cewa ban bar mita goma sha biyun ba. Wallahi daɗi na ji. Na ce yau ƙarya za ta ji kunya a gaban jama'a. Na sa mai hoto ya ɗauki mitocin, ya wanke hoton ya kai girman ƙofar ɗaki, aka sa masa firam. Na karɓi mayafin teburin antinka na lulluɓe shi. Ta tambaye ni ko na tabbata abin da suke nufi ke nan, na ce mata in ta ga dama ta zo ta ga yadda ake cin shari'a ba lauya. Ta kuwa zo. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Ɗakin taron nasu dogon tebur ne da koren ƙyalle, kujerun roba, da fanka guda da ke yin ƙas-ƙas duk zagaye. Shugabar kwamitin tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, irin masu rataye tabarau da igiya, waɗanda in sun dube ka sai ka ji kamar ba ka yanke farce ba. Gefenta kansiloli biyar, ɗaya tun kafin a buɗe taro ya yi nisa a barci, sai sakatare da alƙalami, sai wani safiyo, wato mai awon filin hukuma, ramamme cikin manyan takalma. Telan da mutanensa sun cika bayan ɗaki. Na jingine hotona a bango a lulluɓe, na zauna a gaba na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yadda za a ga agogo da takalmi lokaci guda.

Shugabar ta karanta shafi na sha ɗaya, ta tambaye ni ko na bar mita goma sha biyu a gefen gabas. Na miƙe na ce ba bari kawai na yi ba, har fenti na yi musu da rumfa. Ta ɗan dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko jama'a suna amfani da su. Na ce safe da rana ba sa tsayawa, kowa ya je zai ga suna juyawa. Telan ya yi tsalle daga baya ya ce ƙarya ne, babu komai a wurin sai katanga. Na juya na ce masa to ai a jikin katangar suke, in ba ya gani ya nemi tabarau. Shugabar ta sake tambaya a hankali, wai a jikin katanga na ce? Na ce ƙwarai, kuma ba zan sa ta wahalar zuwa ba, na kawo mata su har nan. Na taka na je na fizge mayafin.

Auta, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Fankar nan kaɗai ke ƙas-ƙas. Shirun ne ma ya tashi kansilan mai barci, ya buɗe ido ya ce ya goyi baya. Ni ina tsaye gefen hoton, hannu a ƙugu, ina jiran tafi. Sai na ga kafaɗun safiyon suna rawa, ya cusa fuska cikin hularsa. Sakataren ya tambaya ko ya rubuta wannan ma. Shugabar ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta tambaye ni cikin ladabi, wai a sanina ƙafa nawa ce a cikin mita. Na ce mata, da girmamawa, mita ba ta da ƙafa, da ƙusa ake kafe ta. A nan ɗakin ya fashe. Wani daga baya har faɗowa ya yi daga kujera. Na waiwaya in ga antinka, na ga ta ja gyale ta rufe fuska gaba ɗaya, gyalen yana girgiza. Har yau tana rantsuwa kuka take yi.

Sai da aka lafa safiyon ya taso, yana share hawaye, ya warware tef ɗinsa a kan teburin ya nuna mini. Na ciro nawa daga aljihu don in ƙaryata shi, sai ga su a ɗaya gefen, ƙananan lambobi ja. Shekara talatin da ɗaya suna nan a tef ɗina, ni ina ɗauka adon kamfani ne. Mita goma sha biyu ƙafa arba'in ce, in ka cire 'yan yatsu. Fili za a bari, hanya ce. Ba sai an kai ni fili ba, na san abin da ke zaune a kan ƙafa arba'in ɗin farko ta gabas.

Bayan kwana huɗu suka zo awo. Safiyon ya kafa bakin tef a dutsen iyaka ya ja, tef ya bi gaban gidan Inna daga bango zuwa bango, ya tsaya saura taki ɗaya na hannu ya taɓa gida na sha ɗaya. Gidanta ne cif, ba ragi ba ƙari. Akwai gwangwanin jan fenti a hannun wani daga cikinsu, irin wanda suke shafa wa ginin da za a rushe. Muna tsaye sai ga Inna da kanta ta fito da kujeru da ruwan sanyi, tana tambayar safiyon ko ba a ba shi abinci a gida ne. Ta tambaye ni me ake aunawa, na ce mata kwalta za a zuba. Na ja mai fentin gefe, ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba tun ina shekara goma sha biyar, na roƙe shi ya bar gwangwanin nan a rufe har zama na gaba. Shugabar ta ji, ta ce an ba ni mako biyu.

Kai ba za ka tuna ba, kana goye. Ranar da aka fito mana da kaya daga ɗakin hayar nan bayan rasuwar Baba, Inna ta ɗaure komai namu a cikin zane ɗaya mai ruwan ƙasa, ta zauna a kan ƙunshin a bakin titi, ba ta yi kuka ba, tana ta gaida masu wucewa kamar mota take jira. A ranar na ajiye jakar makaranta na tafi inda ake buga bulo. Duk injin da na saya, duk ginin da na ɗaga, abu ɗaya nake bi: kada a sake cewa Inna ta tashi. Yau ga shi an zo da jan fenti ƙofarta, kuma ba wani mai gida ba ne ya jawo, ni ne, da aji ukuna.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. Antinka kuwa ta sami abin yi. Ta ce ba ta ce fili ba ya haihuwa ba? Ta ce da safe, ta ce da rana, ta ce ina alwala. Amma a cikin mitar tata, wadda yanzu ta koma ta uku a lissafi kuma ta fi sauran juyawa, sai ta faɗi magana. Ta ce ƙafa arba'in ɗin da na ci ta gabas ai ba ta ɓace ba, tana nan ta yamma, zaune a ƙarƙashin kujerata mai juyawa. In mutanen baya hanya suke so, ko ta gabas ko ta yamma duk titi ɗaya za ta fitar da su. Na ce mata ofishina take nufi? Ta ce ita ba ta ambaci komai ba, lissafi kawai ta yi. Na hau bene na zauna a baranda, na yi ta juyawa a kujera ina kallon gidajen nan a jere. Daga can ƙarshe ina hango ƙofar Inna a buɗe, mai akuyar nan yana fitowa. Ban daɗe ba na sauko.

Sai dai takarda gabas ta ce, ba a mayar da ita yamma sai masu ƙorafi sun yarda. Wato sai na je wurin telan. Na je, Auta, da ƙafata, ba mota. Ya gan ni ya ci gaba da taka kekensa, ya bar ni tsaye har ya gama kalmasa wando guda. Sannan ya tashi, ya zare tef daga wuya ya zagaya tumbina da shi, ya duba, ya gaya wa mutanen shagon cewa mita ɗaya da 'yan kai, tunda dai aikinsa ke nan. Na haɗiye. Na ce masa na yi masa magana marar daɗi a gaban leburori, na zo in janye ta a gaban abokan cinikinsa. Sai ya jawo mini benci. Ya ce su ba su taɓa nufin gidan tsohuwa ba, da sun san a nan tef zai tsaya da sun sake tunani. Ya ce bara da matarsa ta faɗi ba ta motsi, mota ta kasa shigowa, a kan kujera suka ɗauke ta su huɗu suka ratsa ta tsakar gidan Inna, ita ta riƙe musu ƙofa, ta kuma bi su har titi da gwiwarta tana addu'a. Ya ce hanyar da mota za ta shiga kawai suke so. Ni ban taɓa jin wannan labarin ba. Lokacin ina can ina zaɓen launin tayil ɗin sunana.

A zama na biyu ban ɗora ƙafa kan ƙafa ba. Na miƙe na ce kuskure nawa ne, ba na mai zane ba, ina roƙon a bar gida na sha biyu a ɗauki hanyar ta yamma, ni zan rushe ofishina da hannuna. Telan ya miƙa takarda da sa hannun mutanensa. Wani kansila ya ce ba zai yiwu ba, gabas aka rubuta. Shugabar ta ce ta gani, amma layin bai ƙare a gabas ba, ya ƙare ne a amfanin jama'a, kuma ga jama'ar nan zaune a bayansa, in yana so ya juya ya tambaye su. Bai juya ba. Aka ɗaga hannu, huɗu suka yarda, har da mai barcin, wanda a wannan karon da idonsa biyu. Aka ba ni kwana talatin. Da zan fita shugabar ta ce in bar musu hoton, za su rataye shi a ɗakin taro don amfanin masu sa hannu ba su tambaya ba. Na ce ta ɗauka, firam ɗin ma na yafe.

Sun ce za su aiko katafila, na ce ba na so. Mutanena na kira da guduma. To a nan ne fa aka ga aiki. Kwana tara muna fama da ginin nan, ƙotar guduma uku ta karye, wani lebura ya ce shi dai gara a sa shi fasa dutse. Jama'a suka taru suna kallo, ni kuma na tsaya a kan tarin ɓaraguzai ina ce musu su buɗe ido su ga abin da ake kira bulo. Ka yarda ko kada ka yarda, tun daga makon nan masu neman bulona suka ƙaru. Tayil ɗin sunana kaɗai na ɓamɓare da kaina, harafi biyu suka fashe, sauran suna cikin kwali. Zakunan na kai su ƙofar Inna, yanzu tsummokaran goge-goge take shanyawa a kansu. Hanya ta buɗe, na baje ta na zuba tsakuwa, mota tana shiga har ƙofar telan. Ofis kuwa na koma rumfar da ke gefen inji, inda na fara. Kujerar tana juyawa a can ma.

Abin da ya ba ni haushi, da na je gaida Inna shekaranjiya, sai ga mai akuya yana ratsa tsakar gida kamar ba a yi komai ba. Na ce mata yanzu ai sai a rufe ƙofar baya, na rushe bene guda don su sami hanya. Ta ce waccan hanyar ba wanda za su gaisar a kanta. Sannan ta ce in leƙa ƙarƙashin gado in jawo mata wani abu, gwiwa ta hana ta sunkuyawa. Na durƙusa na jawo. Ƙunshi ne, Auta, a cikin zanen nan mai ruwan ƙasa, ban san tana da shi har yanzu ba. Ta ce tun ranar da ramammen yaron nan ya zo da tef ta ɗaure, don ta san ba a zuba kwalta ta cikin ɗakin mutum, kuma matar telan ta gaya mata sauran. Na tambaye ta me ya hana ta yi mini magana. Ta ce ta ga kunyar da nake ɗauke da ita ta ishe ni. Ta ce in kwance, ɗaurin ya yi mata tauri. Na kwance. Ta riƙa ciro kayan ɗaya bayan ɗaya tana gaya mini inda zan mayar da kowanne, ni kuma ina mayarwa. Ƙurar gadon nan ta shige mini ido sosai, ya kamata a riƙa share wurin.

Yanzu ga abin da nake so da kai. Sun gyara yarjejeniyar, sun ba ni mako uku in sa hannu. Ga kwafi nan na haɗo maka, shafi ashirin da biyu. Ba don ban gane ba, na karanta sau biyu kuma komai a fili yake. Amma tunda an sha wahala an kai ka makaranta, ya kamata a ci moriyar abin. Ka duba mini musamman shafi na bakwai, inda aka ce mai gini zai yi kwata guda a bakin sabuwar hanya. Ni na san ta ruwa suke nufi. Sai dai ka tabbatar mini, don jiya wani mahauci ya tsayar da ni yana tambayar ranar da za su fara yanka a wurin, kuma ban ba shi amsa ba.

Ka gaida mini ƙanwarmu mai ɗakinka, ka ce mata duk abin da antinka za ta faɗa a waya ta raba biyu ta zubar da rabi. Ka shafa mini kan takwarana, ka ce masa ya riƙa duba gefe biyu na kowane tef. Ka gaida mai sunan Inna da 'yan biyu. Inna tana sa muku albarka, ta ce maganin gwiwa ya kusa ƙarewa kuma unguwa tana jira. Antinka da yara duk suna gaisuwa, telan ma ya ce a gaishe ka ko da bai san ka ba, yana ɗinka mini riga, ya ce awon yana wurinsa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka,
Mai Bulo. In ka ji wani ya ce Mai Mita, ba ni ba ne, kada ka amsa.